Shidan da Iliyasu Ya Zana

Duk direban da ke ɗaukar tumatir daga Kura zuwa Kudu ya san rumfar Iliyasu Mai Fenti. Tana nan bakin titi, inda gwangwanaye suka fi mutane yawa, kuma kullum za ka tarar da wata babbar mota ta ba hanya baya ana yi mata kwalliya. Shi ne mai ɗawisun nan da ke bin ka da ido ko ta wane gefe ka wuce motar. Shi ne mai zakin da direbobi ke rantsuwa akuya ta taɓa gani ta ranta a na kare. Ƙarya suke yi, amma Iliyasu bai taɓa ƙaryata su ba.

A wannan rumfa Injiniya Levi ya same shi, a ƙarshen daminar 2004, lokacin da aka datse ruwan kanal don a yashe shi kafin noman rani. Levi mutumin kudancin Kaduna ne, gajere, marar hayaniya, shekararsa bakwai a ofishin ruwa. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su nisan Bunkure ba za su ce maka nan kusa ne ba, sai sun faɗa maka kilomita har da ɗigo. Ya goya Iliyasu a babur, da gwangwanin fenti fari da baƙi da ja, suka bi gefen kanal har ƙofar ruwa ta Mararraba.

A nan kanal ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya karkata gabas, wajen manyan gonaki irin na Alhaji Maikuɗi. Abin da ya rage ya miƙe zuwa Unguwar Sada, can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a gajiye. Unguwar Sada kuwa nan aka binne cibiyar Iliyasu, nan kuma yayansa Usaini ke noma gonar gidansu.

Ƙarfen awon da ke manne a bangon reshen gabas tsatsa ta gama da shi. Levi ya sauka cikin busasshen kanal, ya yi 'yan aune-aunensa, ya buga ƙusa biyu a bangon siminti, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

"Malam Iliya, ta ƙasan nan sifili ce, ta sama sha biyu. Ka raba tsakaninsu gida goma sha biyu, ka sa lambobi manya-manya, don Baba Baballe idonsa ya fara gajiya."

Ya miƙa masa tef ɗin awo, ya hau babur ya tafi, saboda akwai ƙofofi uku da ke jiransa.

Baballe shi ne tsohon da ke murɗa ƙarfen ƙofar daga kan 'yar gadar da ta ratsa kanal. Daga can sama yake leƙo bangon, ya ga inda ruwa ya kai.

A yi wa Iliyasu adalci, da tef ɗin ya fara. Ya auna, ya ja layuka da alli, ya rubuta lambobi. Sannan ya yi abin da yake yi a kowane aiki, wato ya je ya tsaya inda mai kallo zai tsaya. Da ya hau gadar ya leƙa sai ransa ya ɓaci. Lambobin sama suna nan lafiya, amma na ƙasa sun danne juna, sun cure wuri ɗaya.

"Baba, me ka gani?"

Baballe ya ƙanƙance ido. "Daga takwas zuwa sama ina gani. Na ƙasa kuwa kamar tururuwa sun samu sukari."

To wannan ciwo Iliyasu ya san maganinsa tun yana koyon aiki. Rubutun da ke can saman doguwar mota ba a yin sa daidai da na ƙasa, ana ja masa tsawo, don wanda ke tsaye a ƙasa ya gan su daidai wa daida. Nan kuwa mai kallo a sama yake, saboda haka na ƙasa za a ja. Ya goge allin, ya jefa tef a aljihu. Ya buɗa gidajen ƙasa, ya matse na sama kaɗan-kaɗan, sifili na kan ƙusarsa, sha biyu na kan tasa. Sau tara yana hawa gada yana sauka. Da ya gama ya shafa fari, ya fitar da lambobi da baƙi, ya yi musu inuwa da ja. Daga kan gadar, in ka leƙa, sai ka rantse inji ne ya raba su. Baballe ya karanta tun daga ɗaya har sha biyu, ya sake karantawa don daɗi, yana dariya da sauran haƙoransa.

Da yamma Levi ya dawo a gajiye. Ya leƙa daga kan gada, ya ga ƙusoshinsa a inda ya bar su, ya ƙirga gida goma sha biyu cif.

"Kai, Malam Iliya! Kamar daga kamfani."

Iliyasu ya koma gida kansa a kumbure. Bayan kwana biyar aka saki ruwa, aka ba Baballe umarni guda ɗaya: ya buɗe wa gabas har ruwa ya taɓa shida, ragowar ya bar shi ya wuce Unguwar Sada.

Sati uku bayan haka, ana tsakiyar dashen tumatir, Levi ya sake tsayar da babur a bakin rumfar. Iliyasu na kan benci yana ƙarasa jelar wani ɗawisu. Sai da ya duba sau biyu kafin ya gane mutumin. Ya rame, idanunsa sun faɗa, laka ta bushe a wandonsa har gwiwa. Ba aiki ya kawo ba, wurin zama kawai yake nema inda ba za a harare shi ba.

"Lafiya, Injiniya?"

"Ina fa lafiya. Ruwa ba ya isa Unguwar Sada. Ba ka ji ba?"

Iliyasu ya ji sama-sama, amma 'yan ƙarshen layi kullum cikin kukan ruwa suke, bai ɗauke shi da zafi ba.

"Sau biyu ina bin kanal ɗin da ƙafa," in ji Levi. "Na sa an sare kacalar da ta toshe hanya. Na kama injin sata guda biyu. Na duba ko bango ya tsage wani wuri, babu. A takarda ruwansu yana isa. A gona babu shi."

"Ko daga dam aka rage?"

"Daga sama lafiya lau yake zuwa. A Mararraba ma haka, duk lokacin da na je ruwan gabas yana kan shida daram. Ai wannan shidan naka shi ne komai. In ruwa ya haura shi da faɗin yatsa biyu kawai, to rabon gona goma ya tafi gabas ke nan. Shi ya sa hankalina yake kwance da wurin, aikinka ko makaho ya karanta."

Burushin da ke hannun Iliyasu ya tsaya cak. Faɗin yatsa biyu! Shi da ya san inda ya ɗaga shidan nan ya kai shi. Ba yatsa biyu ba ne, ba huɗu ba ne, ya fi tafin hannu guda. A ransa dai lambobi ne ya rubuta don tsoho ya gani, kamar yadda ake rubuta sunan gari a allo. Bai taɓa kawowa cewa layin da ya ja shi ke raba wa mutane abinci ba. Koren fenti ya ɗiga a ƙafarsa bai ma sani ba.

Levi bai lura ba, kansa na ƙasa. "Yanzu 'yan Unguwar Sada sun ce Alhaji Maikuɗi ya toshe min baki, wai ina juya masa ruwansu. Jiya an jefi ƙofar gidana. Na tura matata Phoebe da yara wajen iyayenta. Ka san tun rikicin da aka yi a birni watannin baya, baƙo irina ba ya son a tara masa jama'a." Ya yi wani murmushi marar daɗi. "Jibi da safe za su taru a Mararraba, sun ce in zo in yi musu bayani. Ogana ya ce kada in je. Amma in ban je ba ai na amsa laifin."

Nan ne wurin magana. Kalma biyar ta isa. Iliyasu ya buɗe baki, ya hango fuskar Yaya Usaini, ya hango duk Unguwar Sada a ƙofar gidansu. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya kyauta."

"Amin," in ji Levi, ya tashi babur ɗinsa.

Tsoro ne ya kama Iliyasu, tsoro tsagwaronsa, kuma ya san sunan abin. Ya rufe rumfa tun kafin la'asar. A gida matarsa Zuliha ta ajiye masa abinci, ya tsura wa kwanon ido har mai ya daskare a kan miya. Ba ta cikin matan da ake ɓoye wa magana. Ta zauna a gabansa ta tsare shi da ido har ya amayar da komai.

"Innalillahi," ta ce. Sai kuma ta miƙo masa hularsa. "Malam, rana ba ta faɗi ba. Tashi ka je ka same shi."

"Yaya Usaini fa? Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda za ka dube shi da shi in aka illata bawan Allahn nan?"

Ya karɓi hular ya ajiye a gwiwa. Ya shiga saƙa da warwara. Ya lallaɓa ya gyara lambobin a ɓoye? Rabin bangon na cikin ruwa, kuma fentin mai ba ya kama jiƙaƙƙen siminti. Ya ce wa Baballe ya riƙa tsayawa a biyar? Baballe ko Sarkin Ruwa ne ya zo ba zai murɗa ƙarfen nan ba sai da bakin Injiniya. Daga ƙarshe ya samu dabarar da matsorata ke samu, wadda ta yi kama da ladabi. Ya ce ai bai kamata bare ya riga yayansa ji ba. Gobe zai je Unguwar Sada ya fara gaya wa Usaini, daga can ya wuce wajen Levi. Zuliha ta dube shi, ta ɗauke kwanonta.

Washegari da hantsi ya isa. Tun daga nesa ya ga abin da ya yi. Kanal ɗin Unguwar Sada ya zama 'yar ƙorama, ruwa iya idon sawu, ko tiyon da ake ja da shi zuwa gona ba ya kamawa. Ƙasar fangali ta tsattsage. Dashen tumatir ya kwanta layi-layi, wasu sun riga sun zama kara. A gonarsu Usaini da matarsa Uwa suna ɗibar ruwa da bokiti suna bin tushe ɗaya-ɗaya. Ɓangaren da ke kusa da kanal na da sauran rai, ganye ya yi laushi amma kore ne. Can ciki kuwa ba a magana.

Usaini ya girme shi da shekara tara, dogo, busasshe, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Da ya ga ƙaninsa sai fuskarsa ta ɗan saki.

"A'a, Iliya! Ka tuna da mu? Uwa, kawo masa fura."

Suka zauna a gindin wata bishiyar darbejiya. Iliyasu ya karɓi kwanon furar.

"Ka ga abin da mutumin nan ya yi mana," in ji Usaini. "Irin nan tun watan jiya nake rainonsa kamar jariri. In aka samu ruwa yau, wannan ɓarin zai tashi. In aka wuce haka, to sai dai baɗi." Ya tofar da yawu. "Shekara bakwai muna gaisawa da shi. Na taɓa kai masa albasa har gida. Ashe macuci ne."

"Yaya, wataƙila ba shi ba ne..."

"To wa? Aljanu? Gabas ruwa har ambaliya yake yi, jeka ka gani. Gobe zai faɗa mana da bakinsa. Mu manya magana za mu yi, amma samarin nan ban ɗaukar wa kowa alkawari a kansu ba."

Iliyasu ya ajiye kwanon. Ya shirya maganar tun a hanya, ya san ta inda zai fara. Ya dubi hannun yayansa, duk ya faffashe saboda ɗaukar bokiti. Ya ce, "Yaya." Usaini ya juyo. Sai Iliyasu ya ce, "Ba ni bokitin in taya ku."

Har la'asar yana jidar ruwa kamar mahaukaci, kafaɗarsa ta saɓule, Uwa na ta sa masa albarka, kowace albarka tana sukar sa. Bai faɗa ba. Wajen Levi ma bai je ba. Ya koma Kura yana jin ƙyamar kansa.

Ranar taron, kafin ya isa Mararraba wurin ya cika. Mutum ya fi ɗari, wasu da fartanya a kafaɗa, wai daga nan gona za su wuce. Levi na tsaye a bakin gada shi kaɗai, da takardunsa a hannu, Baballe na rakuɓe a jikin ƙarfen ƙofa. Iliyasu ya tsaya a baya-baya. Har a lokacin yana fata wani abu ya faru, a watse ba tare da an buƙace shi ba.

Levi ya fara bayani da muryarsa ta kullum, yana faɗin yawan ruwan da ke shigowa da wanda ke fita. Lissafi kuwa ba ya shiga kunnen mai fushi.

"Ga shi kuna gani da idonku," ya ce, yana nuna bango. "Ruwan gabas yana kan shida. Haka doka ta ce."

"To namu ina yake?"

"Shi nake nema."

"Nemi shi a gonar Maikuɗi!"

Wani ya kaɗe takardun daga hannunsa, iska ta kwashe su zuwa cikin kanal. Wasu samari biyu suka tura babur ɗinsa ya faɗi, fetur ya fara tsiyaya. Da'irar ta matso. Wani dunƙulen laka ya tashi ya fashe a ƙirjin Levi, na biyu kuma ba laka ba ne, ya same shi a gefen goshi. Bai gudu ba, ya dai dafe wurin, jini ya biyo tsakanin yatsunsa.

Iliyasu bai san lokacin da ya ratsa mutane ba. Ya tsinci kansa a kan gada yana ihu da wata murya da shi ma bai san ta ba.

"Ku tsaya! Don Allah ku tsaya! Ba shi ba ne, ni ne! Ni na yi lambobin nan, kuma ba daidai suke ba. Na ɗaga shidan sama. Ni na hana ku ruwa!"

Ya runtse ido yana jiran dutse. Abin da ya zo maimakon dutse shi ne dariya. Wani ne ya fara, wasu suka ɗauka.

"Mai fenti ne fa! Na bakin titi!"

"Abokinsa ne, shi yake ba shi aiki. Rufa masa asiri yake so ya yi."

Usaini ya matso, fuskarsa a murtuke. "Sauko daga nan, Iliya, kada ka ba mu kunya. Tun yaushe fenti ya fara shanye ruwa? Maganar manya ake yi, ba zanen tsuntsu ba."

Har Levi ya girgiza kai. "Malam Iliya, na gode. Amma kada ka sa kanka a ciki. Na duba awon nan da idona."

"Da idonka ka duba, Injiniya, daga kan gada. Ni kuwa don idon na yi shi."

Wannan dariya ta yi masa ciwo fiye da yadda dutse zai yi. Kwana biyu yana mutuwa da tsoron a gane shi, ashe ko ya faɗa da bakinsa ba wanda ya ɗauki hannunsa a bakin abin da zai iya ɓata wani abu. Ga ƙofa a buɗe, in ya so ya sauka ya bi ta, ba wanda zai ƙara tuna shi. Ya dubi jinin da ke bin kuncin Levi, ya dubi samarin da suka fara sunkuyawa neman wasu duwatsun. Ya tuɓe rigarsa.

A aljihun wandonsa akwai zaren da yake ja layi da shi a jikin mota. Ya bi matakalar ƙarfe ya sauka cikin kanal. Ruwan ya kai masa ƙugu, da sanyi da ƙarfi, yana neman kwashe masa ƙafa. Ya nutsa hannu har kunnensa ya shiga ruwa, yana laluben bango, sai da ya taɓo ƙusar ƙasa. Ya maƙala bakin zaren, ya ja shi zuwa ƙusar sama, ya datse da haƙori. Ya fizgo shi ya miƙa sama.

"Baba Baballe, wannan shi ne daga sifili zuwa sha biyu. Ninka shi biyu kowa ya gani."

Tsohon ya ninka, ya miƙo masa.

"Shida rabin sha biyu ne ko ba haka ba? In aikina daidai ne, bakin zaren nan a kan shida zai tsaya."

Ya rataya shi a ƙusar sama ya sake shi. Zaren ya sauko ya wuce takwas, ya wuce bakwai, ya wuce kyakkyawan shidan nan mai jar inuwa, ya shige cikin ruwa. Iliyasu ya bi shi da hannu, ya danne bakinsa a bango, ruwa ya rufe shi har wuyan hannu.

"Nan ne shida na gaskiya. Duk abin da ke sama da hannuna ruwanku ne."

Manomi ba ya buƙatar takarda kafin ya gane igiyar da aka ninka biyu. Ba wanda ya sake dariya. Waɗanda ke baya suka turo suna leƙe, waɗanda suka gani suka ja da baya suna salati.

Levi ya sauko cikin ruwan da takalminsa da komai. Ya zaro tef ya auna daga ƙusar sama zuwa shida, ya sake aunawa. Inda ya kamata a samu santimita sittin, arba'in da huɗu ya samu. Ya daɗe yana kallon tef ɗin.

"Me ya sa?" ya tambaya a hankali, yadda su biyu kawai za su ji.

"Baba ba ya ganin na ƙasa. Na ja musu tsawo, yadda muke yi a jikin mota. Wallahi ban san..."

Levi ya ɗaga kai ya dubi gadar, ya dubi bangon, kamar yau ya fara ganin su. Sannan ya ɗaga murya. "Jama'a, ku ji. Kuskuren ba nasa ne shi kaɗai ba. Ni na buga ƙusa biyu na yi tafiyata, ban gaya masa abin da layin yake ɗauke da shi ba. Na dawo ban sa tef ba, saboda aikin ya yi min kyau. Kuma ban taɓa tsayawa inda Baba yake tsayawa na tambayi kaina ko ana iya karantawa ba. Malam Iliya kuwa ya tsaya. Baba Baballe, sauke ƙofa har sai bakin zaren nan ya fito."

Ƙarfe ya fara kuka. Ruwan gabas ya soma ja da baya a hankali, na Unguwar Sada ya kumbura ya ɗauki hanya da ƙarfinsa. Baballe na murɗawa yana mita. "To in kun mayar da su yadda suke da farko, ni da wane ido zan gani?"

"Layuka ni zan sa su, Baba, ba mai taɓa su," in ji Levi. "Lambobin kuwa shi ya san yadda zai yi ka gan su. Tare za mu sauka wannan karon."

Ba a tafa wa kowa ba. Wasu suka zagi Iliyasu, zagi mai kyau, ya kuwa ci abinsa. Wani dattijo ya ciro ƙyalle ya miƙa wa Levi ya danne goshi, bai iya haɗa ido da shi ba. Samarin nan biyu suka ɗaga babur suka jingine shi, suka sulale. Yawancin mutane suka kwasa a guje zuwa gonakinsu don su tari ruwa.

Da Iliyasu ya hauro, wando na ɗiga, haƙora na haɗuwa, mutum ɗaya ne ya rage a bakin matakalar. Usaini ne, da fartanyarsa a hannu. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Yaya, ka yafe..."

"Kuskure kowa na yi," in ji Usaini. "Ba shi zan tambaye ka ba. Yaushe ka sani?"

Ƙarya na nan kusa, a saman harshe. Ya ce yanzu ya gane, ko da asubar nan. Ba wanda zai tona sai Zuliha, ita kuwa ba za ta tona ba. Amma ya gaji.

"Shekaranjiya."

Usaini ya gyaɗa kai a hankali. "Shekaranjiya. Ke nan jiya da ka zauna a gonata ka sani. Na ce maka in an samu ruwa a ranar wancan ɓarin zai tashi, kana ji na." Ya sauya wa fartanyar hannu. "Da safen nan na duba shi kafin in taho. Ya kwanta."



"Har Uwa tana cewa ba ta taɓa ganin ƙani irinka ba," in ji Usaini.

Ya saɓa fartanyarsa ya bi gefen kanal, ruwan na gudu a gefensa cike da bakinsa, zuwa gonar da ba ta da sauran abin da za ta yi da shi. Iliyasu ya kira shi sau ɗaya, ya sake kira. Bai waiwayo ba.